Ciwon Haƙori a Zamanin Annoba

Sa'ad da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar korona a matsayin annobar da ta game duniya, ranar 11 ga Maris 2020, aka kuma shiga kulle birane, daga Legas da Abuja a ƙarshen watan har zuwa Kano a tsakiyar Afrilu, kaɗan ne cikin ma'aikatan lafiya suka shiga tsaka mai wuya irin ta likitan haƙori. Dalili kuwa a fili yake: aikinsa ba ya yiwuwa sai ya sunkuya bisa buɗaɗɗen bakin majinyaci, wanda babu halin ya sa takunkumi, alhali injin da yake huda haƙori da shi yana fesa ruwa gauraye da yawu cikin iskar ɗaki, inda wannan cuta ta numfashi take samun hanya.

Saboda haka aka dakatar da ayyukan yau da kullum a ɗakunan likitocin haƙori na Ingila daga ƙarshen Maris har zuwa 8 ga Yuni, kuma a watan Agusta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jinkirta duk abin da ba na gaggawa ba, kamar wankin haƙora, a wuraren da cutar take yaɗuwa. Amma jinkiri daban, sakaci daban. Malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a, kuma lalura tana da hukuncinta. Wanda tsoron annoba ya zaunar da shi gida har mugunya ta ci ƙarfinsa, ya guje wa halaka guda ne ya faɗa wata.

To, mene ne ba ya jira? Kumburin muƙamuƙi da ya gangara wuya ko ya haura wajen ido, musamman in ya zo da zazzaɓi, ko wahalar haɗiya da numfashi, wannan kam asibiti yake bukata nan take, domin yana iya toshe maƙogwaro. Haka nan jinin da ya ƙi tsayawa bayan cire haƙori, ko da an danne da tsabtataccen ƙyalle, da karayar muƙamuƙi. Idan kuma haɗari ya fizge haƙorin babba, sai a ɗauki haƙorin ta kansa, kada a taɓa saiwar, a tsoma shi cikin madara, a garzaya wurin likita kafin sa'a guda ta cika.

Ciwon da bai kai haka ba ana iya lallaɓa shi da farasitamol da kuskure baki da ruwan ɗumi mai gishiri, har a sami ganin likita. Ina roƙon jama'a, don Allah, su daina ɗiga ruwan batir cikin kogon haƙori, ko danna asfirin a kan dasashi, gama ƙuna suke yi, ba magani ba. Haka kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis ba da izinin likita ba, ba ya cike kogo.

A lokacin annoba, wanda zai je asibiti ya fara buga waya, ya faɗi gaskiya in yana tari ko zazzaɓi, domin ɓoyewa cin amanar likita ce da sauran majinyata. Ya zo da takunkumi, ya rage 'yan rakiya. Wanda kuwa Allah ya ba lafiya, ya lazimci asuwaki da man goge baki safe da dare, ya rage zaƙi, domin a lokacin da ƙofar likita take da wuyar shiga, rigakafi shi ne abin da ya rage a hannun kowa.