Daidaita Lasifikar Gida Domin Nazarin Furuci: Tsokaci Daga Jos

1.0 Gabatarwa

Mai nazarin harshe a Jos ba ya rasa abin saurare. Ga Hausar da ake ciniki da ita a Taminus, ga Birom da Angas da Tarok, dukkansu harsuna masu karin sauti. Sai dai yawancinmu, malamai da ɗalibai, muna sauraren abin da muka naɗo ne a gida, ta lasifikokin da aka saita domin kiɗa. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa irin wannan saiti yana iya gurɓata bayanan da mai bincike zai rubuta, tare da bayyana yadda za a gyara shi.

2.0 Mararraba da Madaidaici

Ana auna sauti da yawan karkarwarsa a daƙiƙa guda, wato haz. Kunnen ɗan'adam yana ji daga haz 20 zuwa kimanin 20,000. Lasifika ɗaya ba ta iya ɗaukar wannan zango duka, shi ya sa ake raba aikin: ƙananan lasifikoki su ɗauki sama, babbar akwatin nan mai gurnani ta ɗauki ƙasa. Matatar da ke yin rabon ita muka kira mararraba. A na'urorin zamani lissafin kwamfuta ne ke aiwatar da ita, galibi bisa tsarin Linkwitz-Riley na 1976.

A ra'ayinmu haz 80 ne ya dace da mararraba. Dalili kuwa shi ne, tantanin maƙwallaton namiji yakan yi karkarwa tsakanin haz 85 da 180, na mace tsakanin 165 da 255, kuma hawa da saukar wannan karkarwa su ne karin sauti. Idan aka ɗaga mararraba zuwa 150, kamar yadda ake samu a ƙananan na'urori, an raba muryar namiji gida biyu ke nan, wani sashe yana fitowa daga akwatin da ke lungun ɗaki. Gaskiya ne kunne yakan cike giɓi, domin ko ta wayar tarho, wadda ke yanke abin da ke ƙasa da haz 300, Bahaushe ba ya kasa bambance kukan yaro da kukar miya. Amma wanda ke rubuta harshen da ba nasa ba, kamar Birom mai matakan kari uku, ba shi da wannan gata.

Ɗakin ma yana da nasa sharrin. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, saboda haka ɗaki mai tsawon mita 4 zai riƙa kumbura sautin haz 43 da 86 da 129. Na ƙarshen nan yana tsakiyar muryar namiji, sai gaɓa mai karin ƙasa ta yi amo fiye da maƙwabtanta, mai saurare ya ɗauka an ƙarfafa ta. A nan madaidaici ke da amfani: a rage wurin da ya kumbura kaɗan-kaɗan. Inda sauti ya nutse kuwa, ƙari ba ya magani, sai dai a gusa kujera ko akwatin.

Sai kuma zuzau. Ƙarfin /s/ yana sama da haz 4,000, na /sh/ kuwa yana farawa ƙasa da haka. Wani ɗalibina ya taɓa kawo mini rubutun hira inda ya sa sara a gurbin shara sau da dama. Da muka bincika, ashe ƙanensa ne ya murɗa maɓallin sama har ƙarshe domin waƙa, kuma a haka aka saurari hirar duka.