Haruffan Latin da ke bambanta zinariya da tagulla

A kasuwannin tsofaffin kaya na Ingila, ba wuya mutum ya ci karo da wata kwandala rawaya mai ɗauke da kan Sarki Joji na Uku, kewaye da kalmomin GEORGIVS III DEI GRATIA. Da yawa sukan ɗauka zinariya suka tsinta. Galibi kuwa tagulla ce da masana'antun Bamingham suka riƙa bugawa a ƙarni na 19 domin ƙidayar ci a wasan karta. Abin da ke raba mai saye da asara shi ne iya karanta rubutun.

Kuɗin da aka kwaikwaya shi ne gini, wanda aka fara bugawa a 1663, ya kuma samo sunansa daga gaɓar Gini ta Afirka ta Yamma, inda ake samo zinariyar. Samfurin da aka buga daga 1787 zuwa 1799 yana da garkuwa mai kama da bakin shebur a bayansa.

Rubutun gaba ba shi da wuya: "Joji na Uku, da yardar Allah." Harafin V a nan U ne, kamar yadda Romawa suke rubutawa. Na baya ne ke ɗaure kai, domin jerin gajerun haruffa ne: M.B.F.ET.H.REX.F.D.B.ET.L.D.S.R.I.A.T.ET.E. Duk wanda ya saba da taƙaitattun kalmomin fayilolin ofis ya san dabarar: a tsinka jerin gaɓa-gaɓa. M.B.F.ET.H.REX na nufin Sarkin Birtaniya, Faransa da Ailan. F.D. shi ne Mai Kare Addini, laƙabin da Fafaroma Leo na Goma ya ba Henri na Takwas a 1521. B.ET.L.D. na nuni ga sarautarsa ta Brunswick da Luneburg a ƙasar Jamus. Ragowar kuma na cewa shi ne Babban Ma'ajin Daular Roma Mai Tsarki, kuma ɗaya daga cikin masu zaɓen sarkinta.

Fassarar ta nuna cewa ba duk laƙabi ne gaskiya ba. Joji bai taɓa mulkin Faransa ba. Da'awa ce ta gado, wadda aka yi watsi da ita a 1801.

A nan ne kwandalar wasa ke tona wa kanta asiri. Don kauce wa tuhumar buga jabun kuɗi, masu ƙera ta sukan sauya haruffan, wasu su jera sunansu da ɗigo-ɗigo ya yi kama da Latin, wasu su sa jimlar Turanci. Akwai masu ɗauke da shekarar 1701, alhali Joji na Uku bai hau gadon sarauta ba sai 1760. Sikeli ma shaida ne: gini na gaske ya ɗan haura giram 8, na tagulla kuwa bai kai haka ba.

Wannan karatu yana da amfani a gida. Kwabo mai huji na zamanin Joji na Shida yana ɗauke da REX ET IND: IMP:, wato Sarki kuma Sarkin Sarakunan Indiya. Bayan Indiya ta sami 'yanci a 1947, aka cire laƙabin. Mai irin wannan kwabo a akwatin kakarsa zai iya sanin zamaninsa tun kafin ya duba shekarar.