Ladi Kwali da 'Yan'uwanta Magina Tukwane

'Yan'uwana ɗalibai, ko wanenmu ya taɓa riƙe takardar naira ashirin, amma ko mutum nawa ne suka juya bayanta suka dubi matar nan da ke aikin tukunya? Ita ce Ladi Kwali. Ni kaina, da na ke ɗan taɓa zane har abokai suna yi mini kirarin gwani, ban san darajarta ba sai da aka tura ni koyarwar gwaji a Orozo, a kan hanyar Nyanya zuwa Karshi.

A can na tarar da wata tsohuwa Bagwariya tana ginin tulu. (Su dai Gbagyi su ke kiran kansu, shi ya kamata mu riƙa faɗi.) Ba ta da faifai mai juyawa irin na Turawa. Sai ta kwaɓa yumɓu, ta ɗora curinsa a kan wani abu mai ɗan tudu, ta huda tsakiya da hannu, sa'an nan ta yi ta zagayawa tana jan yumɓun sama. Watau tulun yana tsaye, maginiya ce ke juyawa. In yumɓu ya kasa, ta murza wani kamar igiya ta ɗora a baki ta shafe. Bayan ya sha iska sai ta yi masa zane, ta bar shi ya bushe, a tara itace da ciyawa a toya shi a fili. Tun yana da zafi a kan yayyafa masa ruwan makuba, watau jiƙon ɓawon ɗorawa, don ya yi duhu da sheƙi. Na auna bakin tulun da zare, ban sami karkata ba.

To, irin wannan aiki Ladi ta koya tun tana yarinya a garin Kwali, a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya kan tara tukwanenta, a gidansa kuwa wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya fara ganinsu a 1950. Abujan nan fa ita ce Suleja ta yanzu, kada ku ɗauka babban birnin tarayya ne. Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a garin, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta fari. Ta koyi aiki da faifai da shafa ruwan ƙyalli, amma ba ta yar da hannun gida ba: ƙadangare da kunama da hawainiya da kifi ta ci gaba da zanawa. An nuna aikinta a Landan a 1958, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984.

Ga wani abu da ya kamata mu lura. Tulun gargajiya yana sanyaya ruwa domin jikinsa yana tsattsafo, iska tana kwashe zafin. Wanda aka shafa wa ƙyalli aka gasa da wuta mai tsanani ba ya tsattsafo, ga shi da nauyi. Saboda haka tulunan da suka kai sunan Ladi Turai na ado ne, na shan ruwa suna nan wurin matan ƙauye.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. A makarantar nan akwai Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa, har yanzu kuwa mata suna gini a Ushafa da Giri. A ganina mun yi wa waɗannan rowar yabo. Mu kan ɗauki suna ɗaya mu buga a kuɗi, sauran mu ce ai masu tukwane ne kawai.

Tsohuwar nan ta Orozo ba ta da mai koyo ko ɗaya. Jikokinta biyu suna ajina, da bokitin roba su ke ɗebo ruwa, da na tambaye su aikin kakarsu sai suka sunkuyar da kai don kunya. Na roƙi babban malami izini, ranar aikin hannu na kai mata ajin duka. Ta ce, "Malam, kai ma zauna." Na ce, "To, Iya." Kaskon da na gina ya tsage tun bai ga wuta ba. Na ƙaramar jikarta ya fito lafiya, yana kan teburina ina zuba alli a ciki.