Kan da Ba Ya Waiwaye: Mas'alar Bin Motsin Kai a Sautin Kunne Biyu

Daga cikin ayyukan da ɗan Adam ke yi dare da rana ba tare da ya san yana yin su ba, har da ɗan karkata kai da yakan yi a duk sa'ad da ya ji wata ƙara yana neman inda ta fito. Baƙon da ya sauka a garin da bai sani ba, idan ya ji ladan da asuba, kafin ya ɗaga ƙafa sai ya juya kansa kaɗan, kuma a cikin wannan juyin ne yake yanke hukuncin ko masallacin yana gabansa ko yana bayansa. Wannan ƙaramin motsi, wanda ba a kula da shi, shi ne ya zame wa masu naɗar sauti ƙashin wuya shekaru masu yawa.

Asalin al'amarin kuwa shi ne, Allah cikin hikimarsa ya raba kunnuwa biyu, ya sa kai a tsakaninsu, saboda haka sautin da ya taso daga dama yakan riga isa kunnen dama, ya isa na hagu a makare kuma da rauni, domin kai ya tare shi. Tun da yake sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan guda, wannan jinkiri bai ko kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, amma duk da ƙanƙantarsa ƙwaƙwalwa tana auna shi, kamar yadda malamin nan na Ingila, Lord Rayleigh, ya yi bayani a 1907. Leɓatun kunne ma, da lanƙwasarsu, suna canza launin sauti gwargwadon kusurwar da ya ɓullo.

A kan wannan ƙa'ida aka gina naɗi irin na kunne biyu. Tun a 1881 Clément Ader ya ja wayoyin tarho daga gidan wasan opera na birnin Paris, mai sauraro ya kara ɗaya a kowane kunne. A 1933 kuma ma'aikatan bincike na kamfanin Bell suka nuna wani mutum-mutumi mai suna Oscar a baje kolin Chicago, da makirufo a kowane gefen kansa. Har yau haka ake yi: a sassaƙa kai mai kunnuwa, irin KU 100 na kamfanin Neumann na Jamus, a dasa makirufo a cikin kowane kunne, a ajiye shi a zauren da ake kiɗa. Wanda ya saurari naɗin da abin sauraro na kunne, wato hedfon, sai ya ji kamar shi ne a zaune a wurin.

To, amma akwai illa, kuma ba ƙarama ba ce. Sautin da ke gaba sosai da wanda ke baya sosai duka suna isa kunnuwa biyu a lokaci guda, don haka kan da ke tsaye cik ba shi da hujja mai ƙarfi ta rarrabe su. Da zarar mutum ya juya hagu, in sautin a gaba yake, kunnen dama ne zai matso kusa da shi. In a baya yake, na hagu ne. Nan take shubuha ta kau. Hans Wallach, masanin halayyar ɗan Adam haifaffen Jamus da ya zauna a Amurka, ya tabbatar da haka a rubutunsa na 1940, inda ya jera lasifikoki ya sa sauti yana ƙaura daga wata zuwa wata bisa juyin kan mai sauraro. Ya tarar cewa idan sautin ya riƙa bin hancin mutum duk inda ya juya, sai mutumin ya ji shi a bisa kansa, domin a duniyar zahiri abin da ke sama ko ƙasa tsaye ne kaɗai ba ya canzawa da waiwaye. Alhali kuwa abin da hedfon ke yi ke nan: ka juya, makaɗan duka su juya tare da kai, ƙwaƙwalwa ta ga wannan muhali ne, sai ta janye mawaƙin da ya kamata ya tsaya a gabanka ta cusa shi cikin ƙoƙon kai.

Maganin a baki mai sauƙi ne. A sa wata 'yar na'ura mai auna juyawa a jikin hedfon, irin wadda ke cikin wayar hannu, ta riƙa shaida wa kwamfuta matsayin kai sau da yawa a kowane sakan. Kai ya juya dama da daraja 30, kwamfuta ta juya duniyar sautin hagu da daraja 30, makaɗa su tabbata a inda suke. Masu bincike na NASA sun yi irin wannan tun ƙarshen shekarun 1980, da wata na'ura mai suna Convolvotron. Sai dai sautin da suke juyawa, kwamfuta ce ta ba kowane ɗayansa gurbi, ta san inda ta ajiye shi.

Naɗin kan mutum-mutumi ba haka yake ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, suna zaton manhaja za ta iya gyara komai. Makirufo biyun nan ba su adana zauren ba, sun adana abin da kunnuwa biyu suka ji suna fuskantar alƙibla guda. Jinkirin da inuwar kai da tasirin leɓatu duk sun riga sun cakuɗe da kiɗan da amsa-kuwwar bango, kuma tuwon da aka riga aka tuƙa ba ya komawa gari. Abin da wasu ke yi shi ne su mai da layukan naɗin biyu tamkar lasifikoki biyu na ƙarya da ke tsaye a gaban mai sauraro. Lalle sautin zai daina bin kai, amma ya ratsa kai sau biyu ke nan, na roba da na lissafi, kuma a ganina abin da aka yi hasara ya fi abin da aka samu.

Saboda haka tilas ne a yi niyyar waiwaye tun ranar naɗi. Hanya ɗaya ita ce wadda Ralph Algazi da Richard Duda da Dennis Thompson na Jami'ar California a Davis suka bayyana a 2004: maimakon makirufo biyu, a kewaye wata ƙwallo mai girman kai da makirufo takwas ko sha shida, a naɗi dukkansu, lokacin sauraro kuma, sai a ba kowane kunne sautin makirufon da ya fi kusa da inda kunnen zai kasance, in ya faɗa tsakanin biyu a gauraya su bisa ƙima. Ɗaya hanyar ta girmi wannan, ita ce ambisonik, wadda Michael Gerzon na Oxford da abokansa suka assasa a shekarun 1970, inda makirufo huɗu da aka haɗa wuri guda ke naɗar ƙarfin sauti da jihohinsa uku: gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa. Falalarta ita ce ba a sa kai a cikin naɗin ba sam, don haka ana juya filin sautin da lissafi mai sauƙi, daga bisani a ɗora masa tasirin kunnuwa. Ita ce YouTube ta ɗauka a 2016 domin bidiyon da ake kallo ta kowace fuska, ko da yake layuka huɗu ba sa ba da kaifin wuri irin na kan mutum-mutumi, sai an ƙara yawansu zuwa tara ko sha shida.

Sauran sharuɗɗa biyu ne suka rage. Na farko gaggawa, domin idan jinkirin da ke tsakanin juyin kai da juyin sauti ya doshi kashi ɗaya cikin goma na sakan, mai sauraro zai ji makaɗan suna jan ƙafa a bayansa. Na biyu sanin ina ne gaba, domin na'urar auna juyawa takan zame sannu a hankali, ga kuma wanda ke cikin mota, motar ta sha kwana alhali shi bai waiwaya ba. Kamfanin Apple, da ya shigar da wannan fasaha cikin AirPods Pro a 2020, ya warware wannan matsala ta biyu ne da gwama motsin kai da motsin wayar da ake kallo, ta yadda gaba ta zama inda allon yake.