Wa Ya Haifi Kakanka?

A tambayi matashi sunan mahaifinsa, zai faɗa nan take. A tambaye shi na kakansa, zai faɗa. Daga nan sai ya fara sosa ƙeya. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, domin Bahaushe ba ya gadon sunan dangi ɗaya. Yaro yana ɗaukar sunan ubansa ne, ko na garinsu, kamar Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Kafin a kai ga tattaɓa-kunne, sunan tushe ya ɓace.

Ga kuma alkunya. Mace ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗan fari, wanda aka yi wa takwara da kaka kuwa sai ya koma Abba ko Baba. A haka laƙabi ke binne sunan yanka. Ko Ɗantata laƙabi ne, daga Tata, matar da ta reni Alhassan Ɗantata. An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955. Shi ɗan Abdullahi ne, ɗan Baba Talatin, daga Agalawa fataken goro. Ɗansa Sanusi shi ya haifi mahaifiyar Aliko Ɗangote. Salsalar wannan gida ta tsira domin an rubuta ta.

Mai neman tasa ya fara da tsofaffin mata. Gwaggo da kaka sun fi maza riƙe wa ya auri wa, da wa ya sha nonon wa. Ya tambayi tsagar gidansu, da sana'ar gado, da kirarin da maroƙa ke yi musu. Unguwa ma shaida ce: a Kano, Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa suna faɗin inda mutanensu suka fito. Sai takardun rabon gado na kotun alƙali, da gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna.

Amma fa a yi gaskiya. Kowa so yake a ce kakansa sharifi ne ko ɗan sarki, ba mai son jin Bamaguje ko bawa. Salsalar ƙarya ba ta da amfani ga gado, ba ta da shi ga zumunci, ba ta kuma tantance wanda aure ya haramta da shi.

In akwai tsohuwa a gidanku, ku kai mata goro a makon nan, ku kunna wayarku ku naɗi abin da za ta faɗa.