Riƙon Maraya Da Kukan Dare

Riƙon ɗan wani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni, in za a yaye yaro, wajen shekara 2, akan kai shi ɗakin kakarsa wadda ya riga ya sani. Amma riƙon da ya yawaita a ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa dabam yake. Da 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka, kamar yadda suka auka wa Kadisau ta Faskari cikin watan Yuni na 2020, ƙananan yara da dama suka wayi gari hannun gwaggo ko kawu, ba shiri, ba sallama da mahaifiya.

Da rana irin wannan yaro yakan yi shiru, har a ce ya saba. Dare ne ke tona asiri. Sai ya ƙi kwanciya, ko ya farka yana lalube, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Wannan ba taurin kai ba ne. A 1951 wani likita Bature na Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya bayani a kan yara marasa gida bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ya nuna ƙaramin yaro yana bukatar mutum tsayayye wanda zai shaƙu da shi, in kuwa ya rasa, hankalinsa ba ya kwanciya.

Kukan dare iri biyu ne. Akwai firgita ta farkon dare: yaro ya ƙwala ihu, idonsa buɗe, alhali barci yake, da safe kuma ba ya tunawa. Wannan ba a tashinsa, sai a tsare shi kada ya ji ciwo. Akwai kuma mugun mafarki, wanda ya fi zuwa wajen asuba. Wannan yakan farka sarai, yana son a rungume shi.

To, maganin abin shi ne mariƙiya ɗaya, kada a riƙa yawo da yaro ɗaki ɗaki. Ta goya shi, ta kwana kusa da shi cikin gidan sauro, ta tsayar da lokacin kwanciya, gama ɗan shekara 3 zuwa 5 yana bukatar barcin sa'a 10 zuwa 13. In akwai zanen uwarsa, a lulluɓe shi da shi. Kada a doke shi, kada a tsorata shi da dodo, kada a ɗura masa maganin barci na kemis. In da zazzaɓi, ko abin ya ƙi sauƙi, sai asibiti.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maraya ya tashi, hannun kakansa Abdulmuɗɗalib, sa'an nan baffansa Abu Ɗalib. Wadda ta hana idonta barci saboda maraya, lalle ba ta yi asara ba. Allah ya jiƙan mamata, ya raya abin da suka bari, amin.