Mene Ne Kwamitin Ɓangarori Uku?

Da zarar batun albashi ya taso, sai a ji an kafa kwamitin ɓangarori uku. Su ne gwamnati, masu ɗaukar aiki da ƙungiyoyin ƙwadago. John Dunlop, masani a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya bayyana a littafinsa na 1958 cewa ukun nan ke shata ƙa'idojin wurin aiki.

Kowa yakan kawo buƙatarsa a yi ciniki. A 2024 cinikin ya cije a Najeriya, sai da Shugaba Tinubu ya zauna da shugabannin ƙwadago aka tsaya kan naira 70,000 mafi ƙarancin albashi.

Abin damuwa, ɗan dako da yaron shago ba su da wakili a zaman, kuma dokar mafi ƙarancin albashi ba ta tilasta wa mai ma'aikata ƙasa da 25.